Likita Edwad Jena, Mai Lambar Agana

An haifi Edwad Jena a garin Bakili, cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1749. Ya koyi aikin likita a Landan, kana ya komo garinsu.

A zamanin nan agana ta addabi mutane ƙwarai. Cikin goma da ta kama takan kashe biyu ko uku, wanda ya tsira kuwa ya tashi da zanzana, wani har da makanta. To, manoman ƙasar sun daɗe suna faɗin matar da ta ɗauki aganar shanu wajen tatsa, agana ba ta kama ta. Jena bai raina zancen ƙauyawa ba. Ran 14 ga Mayu, 1796, ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya tsaga damtsen ɗan mai yi masa aikin lambu, yaro mai shekara 8, ya shafa. Bayan 'yan makonni ya sa masa ruwan agana ta ainihi, ba ta kama shi ba. Mu dai a ganinmu kasada ce da ɗan mutane, ko da yake a lokacin an saba tsaga yara da ruwan agana don rigakafi.

Da ya buga littafinsa a 1798 sai aka yi masa ca, har ana zana mutane da kan saniya yana tsiro musu a jiki. Amma majalisar Ingila ta ba shi fam 10,000 a 1802.

Ya rasu a 1823 bai san dalilin da lambarsa ke aiki ba. Dalilin yana cikin jini. In an bar jini ya daskare, wani ruwa rawaya-rawaya yakan taso. A 1890 Bering da Kitasato suka nuna a Balin ruwan nan na dabbar da aka yi wa rigakafi yana kare wata dabbar. Daga baya aka gane wani irin furotin ne a ciki, wanda fararen ƙwayoyin jini ke ƙerawa daidai da siffar kowace ƙwayar cuta, ya manne mata, ya hana ta shiga ƙwayoyin jiki. Ƙwayar aganar shanu da ta mutane dangi ne na kusa, saboda haka makamin da jiki ya ƙera don ɗaya yakan kama ɗayar.

A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa agana ta ƙare a duniya.