George Washington Carver: Ɗan Baiwar da Ya Yi Jinyar Ƙasar Noma a Alabama

A watan Oktoban 1896 wani malamin kimiyyar tsirrai baƙar fata ya isa garin Tuskegee da ke jihar Alabama a kudancin Amurka, domin ya shugabanci sashen aikin gona na makarantar baƙaƙen fata ta garin. Ya baro jihar Iowa mai baƙar ƙasa da yalwar masara, sai ya tarar da filayen da aka shafe shekaru aru-aru ana dirka musu auduga babu hutu, har ruwan sama ya kwashe musu dausayi ya bar jan yumɓu da kwazazzabai. Mazauna waɗannan filaye yawancinsu 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu, masu noma gonar da ba tasu ba, bashi kuma ya yi musu katutu. Sunan malamin George Washington Carver, kuma a nan ya yi shekara 47 yana neman amsar tambaya guda: yaya talakan da bai da kuɗin sayen taki zai mayar wa gonarsa da ƙarfi?

Jaririn da aka fansa da doki

An haifi Carver cikin bauta wajejen 1864, a gonar wani Bature mai suna Moses Carver kusa da ƙauyen Diamond a jihar Missouri, lokacin da yaƙin basasar Amurka ke dab da ƙarewa. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan. Yana jariri wasu mahara suka sace shi tare da ita suka nufi jihar Arkansas. Moses Carver ya aika a bi sawunsu, amma jaririn kaɗai aka samo, ya kuma biya ladan wanda ya dawo da shi da dokin sukuwa. Mahaifiyar ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Da aka soke bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da riƙon George da yayansa James. George ya tashi da laulayi, saboda haka aikin cikin gida da lambu ya fi yi, Susan kuma ta koya masa karatu da rubutu. Yakan yi yawo a dajin da ke kewaye da gonar yana tattara tsirrai, har maƙwabta suka riƙa kawo masa shukokinsu da suka yanƙwane, suna kiransa likitan tsirrai.

Makarantar ƙauyen ba ta karɓar 'ya'yan baƙaƙe. Tun bai balaga ba ya tafi garin Neosho inda ake da makarantarsu, wata ungozoma mai suna Mariah Watkins ta ba shi masauki. Daga nan ya shiga jihar Kansas yana wanki da guga da girki domin ya biya kuɗin karatu. A garin Fort Scott a 1879 ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙin mutum a bainar jama'a, abin da ya sa ya bar garin nan take. A 1885 Kwalejin Highland ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, amma da ya iso suka ga launin fatarsa sai suka janye.

A 1890 ya samu shiga Kwalejin Simpson a Iowa, inda ya karanci zane da kiɗan fiyano. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura da yadda yake zana furanni da ƙwarewa, ta kuma san zane ba zai ciyar da baƙin mutum a wancan zamani ba, sai ta ba shi shawarar ya koma kimiyyar tsirrai. A 1891 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Iowa da ke Ames. Ya yi digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya ƙware a cututtukan tsirrai, kwalejin kuma ta ɗauke shi aiki. Yana cikin wannan rufin asiri ne wasiƙar Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, ta riske shi.

Abin da auduga ta yi wa ƙasa

Matsalar da Carver ya tarar tana da fuska biyu. Ta farko a cikin ƙasa take. Auduga shuka ce mai zuƙe abincin ƙasa, musamman sinadarin naitirojin, kuma ana nome tsakanin kunyoyinta fes, ƙasa ta zauna tsirara ruwa yana ɗibarta. Bayan girbi manoma kan banka wa ragowar kara da ciyawa wuta, abin da zai ruɓe ya koma taki ya tashi a hayaƙi.

Ta biyu a cikin tsarin noman take. Manomi kan karɓi fili daga mai gona a kan za su raba amfani, ya karɓi iri da taki da abinci bashi daga ɗan kasuwa, a jinginar da amfanin da bai ma tsiro ba. Mai ba da bashi auduga kawai yake yarda a shuka, domin ita ce ba ta ruɓewa kuma kullum tana da kasuwa. Duk shekara ƙasa na ƙara raguwa, buƙatar takin kanti na ƙaruwa, bashi na ƙara nauyi.

A 1897 majalisar jihar Alabama ta kafa tashar gwaje-gwajen noma a Tuskegee, da kasafin dala 1,500 a shekara, aka naɗa Carver shugabanta. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, har sai da shi da ɗalibansa suka riƙa tsinto kwalabe da tsofaffin tukwane a juji suna mayar da su kayan ɗakin gwaji. Da fari ya koyar da abin da ya koyo a Iowa, wato huɗa mai zurfi da garmar dabbobi biyu da zuba takin zamani. Bai daɗe ba ya gane cewa mutumin da alfadari guda ya mallaka ba zai iya bin wannan shawara ba, sai ya karkata ga abin da ke hannun talaka.

Wake, gyaɗa da taɓon fadama

Maganinsa na farko shi ne sauya shuka. Shekara goma kafin zuwansa Tuskegee, a 1886, masanan Jamus biyu, Hellriegel da Wilfarth, sun tabbatar da cewa 'yan ƙululun da ke jikin saiwar wake da danginsa gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne masu kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma auduga da masara ba sa iya cin gajiyarsa kai tsaye. Carver ya ɗauki wannan ilimi ya sauƙaƙa shi: a bi auduga da wake ko gyaɗa ko waken soya, a kuma binne ganyen da saiwar a cikin gona idan da hali, domin idan aka kwashe harawa duka kaɗan ne ke saura wa ƙasa. Wake ya fi ba shi sha'awa a shekarun farko, saboda yana jure ƙasa mara ƙarfi, mutum ya ci, dabba ta ci. Wannan wake kuwa asalinsa daga Afirka ne, ta hanyar cinikin bayi ya ƙetara teku, kuma shi ne dai wanda manomin ƙasar Hausa ya gada yana shukawa tsakanin gero da dawa.

Magani na biyu takin gida ne. Ya koya wa manoma su kewaye wani wuri da itace, su shimfiɗa amalanke biyu na ganyen daji da taɓon fadama, su bi da amalanke guda na kashin dabbobi, su yi ta jerawa haka har ya cika, suna ƙara toka da sharar gida, a bar shi ya ruɓe kafin lokacin shuka. Irin wannan taki yana ba shuka abinci, yana kuma sa ƙasa ta riƙe ruwa ta daina saurin zaizayewa. Ya yi ta hana ƙona gonaki, yana kuma nuna yadda ake cike kwazazzabo da rassa da ganye kafin ya cinye fili.

Ya san manomi ba zai shuka abin da bai san amfaninsa ba, shi ya sa ya haɗa gyaran ƙasa da tukunyar girki. Ya wallafa ƙasidu 44 cikin sauƙin harshe, ana raba su kyauta. Ta 1905 a kan farfaɗo da ƙasar da ta gaji take. Wadda ta fi shahara, ta 1916, ta bayyana yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. Ya yi irin wannan aiki a kan wake da dankali mai zaƙi, wanda a nan ake kira dankalin Hausa.

Da yake manoma da yawa ba su iya karatu ba, sai ya kai musu makarantar har gona. A 1906 ya tsara wani keken dabbobi ɗauke da garma da iri da kayan nuni, da tallafin wani attajirin New York mai suna Morris Jesup. Ɗalibinsa Thomas Campbell ne ya riƙa zagayawa da keken ƙauye-ƙauye, shi ne kuma ya zama baƙar fata na farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗauka malamin gona.

Zamansa a Tuskegee bai rasa tangarɗa ba. Carver mutumin bincike ne, gudanar da ofis bai dame shi ba, shi kuwa Booker T. Washington yana son rahoto da lissafi a kan kari. Sun sha saɓani a kan gonar makarantar da kiwon kaji, Carver ya yi barazanar ajiye aiki fiye da sau ɗaya, a 1910 kuma aka karɓe sashen aikin gona daga hannunsa aka bar masa bincike.

Suna da abin da suna ya rufe

Wani ƙwaro mai huda ƙwallon auduga ya shigo jihar Texas daga Meziko a 1892, ya isa Alabama wajejen 1910, ya yi wa gonaki kaca-kaca. Manoman da suka ƙi sauya shuka da lalama suka sauya dole, noman gyaɗa ya bunƙasa, har mutanen garin Enterprise suka gina wa ƙwaron mutum-mutumi a 1919 saboda ya raba su da dogaro da auduga.

A 1921 masu sana'ar gyaɗa suka gayyaci Carver ya yi jawabi gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, suna neman a sa haraji a kan gyaɗar da ake shigowa da ita daga waje. Minti goma aka ba shi, wasu 'yan majalisar har da ba'a, amma da ya fara fito da abubuwan da ya sarrafa daga gyaɗa sai suka yi ta ƙara masa lokaci. Dokar haraji ta 1922 ta ba gyaɗar gida kariya, sunan Carver kuma ya zagaye ƙasar. Tun 1916 wata ƙungiyar masana ta Ingila ta ɗauke shi mamba, a 1923 ya karɓi lambar girma ta Spingarn, daga baya ya ƙulla abota da mai kamfanin motoci Henry Ford.

Shaharar ta zo da ƙarin gishiri. Ana jingina masa hanyoyi kusan 300 na amfani da gyaɗa, amma kaɗan ne suka zama kayan kasuwa, kuma takardun mallakar fasaha uku kacal ya yi wa rajista. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da Amurkawa ke shafa wa burodi ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Hayaniyar gyaɗa ta sa mutane da yawa suka manta cewa ita gyaɗar hanya ce kawai ta gyara ƙasa da ciyar da iyali.

Akwai kuma inda iliminsa ya gaza kaiwa. Gyaran ƙasa aikin shekaru ne, shi kuwa mai noma gonar wani ya san idan ta yi kyau za a iya ƙara masa kuɗin haya ko a kore shi a ba wani. Waɗanda suka mallaki filayensu ne suka fi amfana da koyarwarsa. Sauran, talauci da wariyar launin fata suka riƙa tura su biranen arewa. A 1920 akwai manoma baƙaƙen fata fiye da 900,000 a Amurka, daga nan adadin ya yi ta raguwa. Duk da haka bai sauya magana ba: a 1936, yana da shekara fiye da 70, ya sake fitar da ƙasida a kan gina ƙarfin ƙasa da adana shi, da takin ganye da taɓo kamar yadda ya saba. Sauya shuka da rufe ƙasa da mayar mata da ragowar amfani, waɗanda ya nace a kansu, su ne a yau masana ke lissafawa cikin ginshiƙan noma mai ɗorewa.

Carver bai yi aure ba, bai kuma damu da tara abin duniya ba; an san shi da tsohuwar kwat da fure maƙale a ƙirjinta. A 1940 ya ba da kuɗin da ya tara domin kafa gidauniyar bincike a Tuskegee. Ya rasu ranar 5 ga Janairun 1943 bayan ya faɗo daga matakalar bene, aka binne shi kusa da kabarin Booker T. Washington a harabar makarantar. A watan Yulin shekarar gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta ware dala 30,000 domin mayar da gonar da aka haife shi wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata irin wannan karramawa a Amurka.