Dakta Arnold Gesell: Likitan Da Ya Shekara 37 Yana Kallon Yadda Jarirai Ke Girma

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta asibitin yara saboda ya yi jinkirin zama ko nauyin baki za ta tuna tambayoyin da likita ya jero mata. Wata nawa ya fara riƙe wuyansa? Yaushe ya zauna? Yana waiwayowa idan an kira sunansa? Wani lokaci ma likitan ya zube wa yaron 'yan ƙananan katakai a gabansa ya koma gefe yana kallo, har uwar ta fara tunanin ko wasa aka zo yi. Wannan hanyar duba yaro tana da asali, kuma yawancinta ya samo tushe ne daga aikin wani likita ɗan Amurka mai suna Arnold Gesell.

An haife shi ranar 21 ga Yuni, 1880, a Alma, wani ƙaramin gari a bakin kogin Misisipi cikin jihar Wisconsin. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne, mahaifiyarsa malamar makaranta, kuma sana'o'in nan biyu duk sun fito a aikinsa daga baya. Da koyarwa ya fara. Ya yi digirin farko a Jami'ar Wisconsin a 1903, sannan digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Clark a 1906. A 1909 ya auri Beatrice Chandler, ita ma malama, wadda ya haɗu da ita lokacin da yake koyarwa a Los Angeles.

Abin da ya karkatar da shi zuwa likitanci shi ne yaran da ake bari a baya a cikin aji. Ya ziyarci makarantar Vineland a jihar New Jersey, inda Henry Goddard ke gwada yara masu raunin ƙwaƙwalwa, ya kuma gane cewa ba zai fahimci irin waɗannan yaran ba muddin bai san jiki da cututtukansa ba. Don haka ya koma aji. A 1911 Jami'ar Yale ta ɗauke shi malami, ya riƙa koyarwa yana karatun likita a lokaci guda, ya kammala a 1915 yana da kimanin shekara 35. A 1911 ɗin ne aka ba shi ɗaki ɗaya a wani ƙaramin asibiti a birnin New Haven don duba yara, kuma daga wannan ɗakin cibiyarsa ta nazarin girman yara ta tashi.

Matsalar da ya tarar mai sauƙin faɗa ce. Ba za ka ce yaro ya yi jinkiri ba sai ka san lokacin da lafiyayyen yaro ke yin abin. A wancan zamani ana auna nauyin jariri da tsawonsa, akwai kuma gwajin basira da Alfred Binet ya fitar a Faransa a 1905, amma wannan ya fi amfani ga 'yan makaranta. Yaro mai matsala sai ya shiga aji ɗaya ake ganewa, alhali shekara shida ta riga ta wuce.

Sai Gesell ya zauna kallo. Ya gina wani ɗaki mai siffar ƙwarya a kife, da raga wadda na waje ke ganin na ciki amma na ciki ba ya ganin na waje, aka maƙala kyamarorin fim a jikinsa. A sa jariri a tsakiya, a miƙa masa abu, a ɗauka. Bayan haka shi da abokan aikinsa su bi fim ɗin hoto bayan hoto suna rubuta yadda ido ya motsa, yadda kafaɗa ta biyo, yadda yatsu suka buɗe. Kayan gwajin ba su da tsada: jajayen katakai masu faɗin inci ɗaya, ƙararrawa, zobe ɗaure da zare, kofi, da wata 'yar ƙwaya ƙarama. Jariri ɗan mako 16 kallon katakon yake yi. Ɗan mako 28 yana damƙarsa da tafin hannu ya mayar ɗaya hannun. Ɗan mako 40 yana tsokanar 'yar ƙwayar nan da ɗan yatsa manuni. A wata 18 yaro na ɗora katako uku ko huɗu kan juna, a shekara biyu kuwa shida ko bakwai. Littafin hotunan da ya fitar a 1934 yana ɗauke da hotuna kusan 3,200.

Daga wannan kallo ya fitar da abubuwan da har yau muke koya wa ɗaliban likita. Ƙarfin jiki yana saukowa ne daga kai zuwa ƙafa: wuya ya fara tsayawa, sannan zama, sannan tsayuwa. Yana kuma fita daga tsakiyar jiki zuwa yatsu. Jerin matakan kusan ɗaya ne ga dukkan yara, saurin bin su ne ya bambanta. Ya kuma raba girman yaro gida huɗu: motsin jiki, amfani da ido da hannu wajen warware abu, magana, da mu'amala da mutane. A ganina wannan rabon shi ne mafi amfanin abin da ya bari. Yaron da ya yi tafiya a kan lokaci, yake wasa da kyau, amma bai furta ko kalma ɗaya ba, kunnensa za a fara dubawa. Wanda bakinsa ya buɗe amma ƙafafunsa suke sandarewa idan an miƙar da shi, maganarsa daban ce. A 1941 shi da Dakta Catherine Amatruda, likitar yara, suka rubuta littafin da ya mayar da wannan gwajin abin da likita zai iya yi a ɗakin duba marasa lafiya.

Sai dai akwai inda ya kuskure, kuma kuskuren ya shafe mu.

Gesell ya yi imani cewa girman yaro daga ciki yake warwarowa bisa tsarin halitta, horo bai cika sauya shi ba. Hujjarsa mafi shahara gwajin da ya buga ne da Helen Thompson a 1929, a kan wasu tagwaye mata masu kama ɗaya. Tun suna da mako 46 aka riƙa koya wa ɗaya hawan matakala, minti goma kullum har mako shida. Ɗayar ba a fara koya mata ba sai a mako 53, amma cikin mako biyu ta kamo 'yar'uwarta. Darasin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne a ƙyale yaro, lokacinsa zai zo. Ga lafiyayyen yaro mai hawan matakala, haka ne. Amma tagwayen nan duka lafiyayyu ne, kuma wadda ba a koya wa ba ba a ɗaure take ba, tana rarrafenta tana motsa jikinta. Gwajin bai ce komai ba game da yaron da ba ya ji, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni a doguwar naƙuda, ko mai tamowa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa irin waɗannan yaran taimakon wuri yana sauya musu rayuwa. A Jamaika, a shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun bi yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara ashirin, waɗanda suka samu ziyarar sun fi waɗanda ba su samu ba kuɗin shiga da kusan kashi 25 cikin 100. Amurka kanta a 1986 ta yi dokar da ta buɗe wa jihohi hanyar gwada yara 'yan ƙasa da shekara uku da ba su taimako tun kafin makaranta.

Akwai kuma tabo a tarihinsa da bai kamata a ɓoye ba. A 1913 ya buga wata maƙala a kan mutanen garinsu, inda ya goyi bayan aƙidar hana masu raunin ƙwaƙwalwa haihuwa, aƙidar da ta yi tashe a lokacin kuma ta jawo zalunci mai yawa. Sannan yawancin jariran da ya gina ma'auninsa a kansu 'ya'yan fararen fata ne masu rufin asiri a gari ɗaya. An yi ta tambaya ko ma'aunin ya dace da sauran duniya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da binciken da ta yi a kan yara 816 a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Kusan duk lafiyayyun yaran sun zauna da kansu tsakanin wata huɗu da wata tara, sun yi tafiya tsakanin wata takwas da wata 18, kuma kimanin huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam, tafiya kawai suka miƙe suka yi. Tazarar tana da faɗi, amma tana da iyaka.

Iyakar nan ce nake so iyaye su riƙe. Sau da yawa a kan kawo mana yaro ɗan shekara huɗu ba ya magana, idan ka tambaya sai uwar ta ce tun yana shekara ɗaya ta lura, amma aka ce mata ubansa ma haka ya yi nauyin baki. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma kurumta ce da shawarar jarirai ko sanƙarau ta bari. Yaron da ya wuce wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 ba tafiya ko ba kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a kai shi wurin likitan yara. Wanda ya iya wani abu sannan ya daina, kada a jira ko wata ɗaya. Haka jaririn da bai yi kuka ba da aka haife shi, da bakwaini, da wanda ya yi zazzaɓi mai jijjiga, suna bukatar a riƙa bibiyarsu ko da ba a ga komai ba tukuna. Shi bakwaini ana cire masa makonnin da ya riga lokacin haihuwarsa kafin a kwatanta shi da sa'o'insa, har ya kai shekara biyu. Likita zai ji tarihin ciki da haihuwa, ya duba ji da gani da nauyi, ya kalli yaron yana wasa, sannan ya tura shi inda ya dace: sashen gashi, mai koyar da magana, ko masu kula da abinci. Yawancin atisayen kuma a gida uwa da uba za su riƙa yi.

Don a yi masa adalci, Gesell ya sha nanata cewa shekarun da ya rubuta matsakaici ne, ba doka ba, ya kuma daɗe yana kira da a riƙa duba girman hankalin kowane jariri lokaci zuwa lokaci kamar yadda ake auna nauyinsa. Ya yi ritaya daga Yale a 1948. A 1950 abokan aikinsa, ciki har da Frances Ilg da Louise Bates Ames, suka kafa cibiya da sunansa a New Haven. A can ya rasu ranar 29 ga Mayu, 1961, yana da shekara 80. Bayan shekara shida aka fitar da gwajin Denver, wanda likitocin yara suka daɗe suna amfani da shi a ƙasashe da dama, kuma a cikin kayan aikinsa akwai ƙararrawa da katakai masu faɗin inci ɗaya.