Modibbo Raji: Alƙalin Gwandu da ya ajiye kujera ya ƙare rayuwarsa a Yola

An haifi Muhammadu Raji ɗan Aliyu wajen shekarar 1790 a Maratta ta ƙasar Gobir, garin da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya tashi a tsakiyar jihadi, ya yi karatu a gaban Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu, har malamin ya aurar masa da 'yarsa. Sanin shari'a ne ya kai shi kujerar alƙalanci a Gwandu, inda ya daɗe yana yanke hukunci a zamanin Sarki Halilu.

A shekarun 1830 Alhaji Umarul Futi ya yada zango a Sakkwato kan hanyarsa ta dawowa daga hajji, kuma a hannunsa Raji ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya. Gidan Shehu kuwa na Ƙadiriyya ne. Surukin gidan, kuma alƙalin masarauta, ba zai bayyana sabuwar ɗariƙa ba tare da an ɗaga gira ba, don haka ya riƙe al'amarinsa a ɓoye shekara da shekaru.

Mai kallo daga nesa carbi kawai yake gani. Abin da Raji ya ɗaukar wa kansa ya fi haka nauyi: lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, wazifa kullum, zikiri bayan la'asar ta Juma'a. Sharaɗi ne kada ya haɗa wuridin da na wata ɗariƙa, kada ya ajiye shi har mutuwa, ya kiyaye salla cikin jam'i, ya kyautata wa iyaye. Barcin mutum da harshensa da abokan zamansa duk sai sun bi wannan tsari. Irin wannan gajeren gani ne ya sami yoga ta ƙasar Indiya, wadda a wuraren motsa jiki na Abuja ake ɗauka miƙe gaɓoɓi ne a kan tabarma, alhali a littafin Patanjali zaman jiki mataki na uku ne cikin takwas, bayan gaskiya da barin cuta da wadar zuci. Aƙidun biyu ba su haɗa hanya ba, amma kowanne ya sa horon zuciya gaba da motsin jiki.

Da shekaru suka ja, Raji ya yi abin da masu riƙe da muƙami ba su cika yi ba: ya sauka da kansa. Ya bar Gwandu da niyyar hajji, ya bayyana ɗariƙarsa, ya nausa gabas tare da iyalai da almajirai. Tafiyar ta tsaya a Yola wajen 1855, zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama, wanda ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi wurin zama. Yola a lokacin sabon gari ce, domin a 1841 aka kafa ta, kuma tana ƙishin malamai.

Kimanin shekara goma ya yi yana karantarwa a can, yana rubutu da Larabci da Fulfulde, kafin ya rasu wajen 1865. Daga zuriyarsa da almajiransa aka sami alƙalai da masu sarauta a Fombina, kuma ana lissafa shi cikin na farkon da suka kai Tijjaniyya Adamawa, ɗariƙar da har gobe ake shimfiɗa farin ƙyallen wazifarta a zawiyoyin Yola da Jimeta.