Axel Cronstedt, Wanda Ya Dafa Dutse Ya Fid da Nikel

Tsofaffinmu na Sakkwato suna tune da kwabo mai huji da ƙanensa anini, kuɗin nan da suka kori wuri daga kasuwa sannu a hankali bayan zuwan Turawa cikin 1903. An fara buga su cikin 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jikinsu. Aninin farko da sanholo aka yi shi, bai jure ba, sai cikin 1908 aka koma yinsa da irin ƙarfen kwabo. Wannan ƙarfe gami ne, kashi uku jan ƙarfe, kashi ɗaya wani farin ƙarfe da ake kira nikel. To, labarin mutumin da ya fara gane nikel shi muke so mu ba ku, domin mun ga akwai abin koyi a ciki ga duk mai neman ilmi.

An haifi Axel Cronstedt a ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, ran 23 ga Disamba, 1722. Ubansa injiniyan soja ne. Cikin 1738 ya shiga babbar makarantar Uppsala, ya karanta lissafi. Da yaƙi ya tashi tsakanin ƙasarsu da Rasha cikin 1741, sai ya bar karatu ya bi ubansa yana yi masa aikin magatakarda. Cikin yawon nan ne ya riƙa ganin ramukan haƙar ma'adini, sha'awarsu ta kama shi. Da ƙura ta lafa sai ya shiga ma'aikatar ma'adinai ta gwamnati, ya zauna gaban wani malami, Georg Brandt, wanda ya gano ƙarfen kobal, ya koyi yadda ake narka dutse a san abin da ke cikinsa.

A zamanin nan akwai wani dutse da ya daɗe yana ba mahaƙan Jamus haushi. Launinsa ja ne, kowa ya gan shi sai ya rantse tamar jan ƙarfe ce. Su haƙa, su kai maƙera, su yi ta zuga, ba su sami ko ƙwayar jan ƙarfe ba, sai hayaƙi mai guba da ke kwantar da su. Da abin ya ishe su sai suka ɗora wa aljannun rami laifi, suka laƙaba wa dutsen suna kuffarnikel, watau jan ƙarfen aljani.

Cikin 1751 Cronstedt ya sami wani dutse daga ramin kobal na Los, a ƙasarsu. Ya jiƙa shi cikin ruwan magani mai cin ƙarfe, ruwan ya koma kore, kamar yadda na jan ƙarfe ya kan yi. Da wani ne, da nan ya tsaya ya ce ya ga jan ƙarfe. Shi kuwa sai ya gwada. An san idan aka tsoma baƙin ƙarfe cikin ruwan da jan ƙarfe ya narke, jan ya kan fito ya lulluɓe shi. Ya tsoma, ya jira, bai ga kome ba. Sai ya ɗebi koren abin da ke tsatsafowa a bayan dutsen, ya ƙona, ya gama da gawayi, ya sa wuta mai tsanani. Abin da ya fito wani ƙarfe ne fari, mai tauri, wanda bai yi kama da ko ɗaya cikin ƙarafan da aka sani ba. Ya ci gaba da bincike har 1754, ya tarar ashe shi ne ke ɓoye cikin dutsen nan na mahaƙan Jamus. Saboda haka ya gutsure sunan, ya kira shi nikel.

Kada ku zaci an yi masa guɗa. Waɗansu manyan masana, musamman na Faransa, suka ƙi yarda, suka ce gamin kobal ne da baƙin ƙarfe da arsanik da jan ƙarfe kurum. Bai bar aikinsa don gardamarsu ba. Babban kayan aikinsa wani ɗan siririn bututu ne da ake hura harshen fitila da shi a kan ƙwayar dutse. Maƙeranmu na Maƙera Assada da ke duban launin wuta su san ƙarfe ya nuna, za su gane wannan hikima nan da nan. Cikin 1758 ya fitar da littafi, bai ko sa sunansa ba, inda ya jera ma'adinai bisa ga abin da ke cikinsu, maimakon launi da siffa da aka saba bi. Ya rasu ran 19 ga Agusta, 1765, yana da shekara 42, ana nan ana musu. Sai cikin 1775, shekara goma bayan an binne shi, Torbern Bergman na Uppsala ya tace ƙarfen sau da yawa, ya nuna gaskiya na wajen Cronstedt.

Amfanin nikel bai bayyana sosai ba sai bayan fiye da shekara ɗari. An sami tamarsa da yawa a tsibirin Sabuwar Kaledoniya cikin 1864, da Sudbury ta ƙasar Kanada cikin 1883, sa'ad da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Cikin 1889 James Riley na Glasgow ya bayyana cewa kaɗan daga nikel ya kan ƙara wa baƙin ƙarfe ƙarfi ƙwarai. Daga baya aka gane in an zuba kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel cikin ɗari, ana samun ƙarfen da ba ya tsatsa. Cokula da tukwane da almakashin asibiti da muke gani suna ƙyalli, da yawansu da shi aka yi su. Yau wajen kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya nan yake tafiya, wani kuma cikin injin jirgin sama da batirin mota mai lantarki, Indunusiya kuwa ita ke gaba wajen haƙarsa.

Ku dubi ikon Allah: ƙarfen da aka zaga don ya ƙi zama jan ƙarfe, shi aka gama da jan ƙarfe aka buga kwabon da kakanninmu suka sayi gero da shi. Mahaƙan Jamus sun dubi launi sun tsaya, Cronstedt ya gwada, ya kuma riƙe abin da gwaji ya nuna masa ko da manya sun musa. Mu da za mu fita mu tsaya gaban yara, wannan hali ya kamata mu tafi musu da shi. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. Ga wanda ya dafa, ko da yake waɗansu ne suka sha romon. Allah Ya ba mu haƙurin bincike, amin.