Oumarou Ganda: Ɗan dakon Abijan da ya fara ɗauko wa Nijar kambun fina-finan Afirka

Duk ɗan Tasawa ko Mayahi da ya taɓa zuwa Yamai kallon wasa ko taron mawaƙa, da wuya a ce bai ji sunan cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda ba, wadda aka fi sani da CCOG. Sai dai a cikin matasan da ke cika wurin a yau, kaɗan ne za su iya faɗin ko wane ne mai sunan, balle su ce sun taɓa ganin fuskarsa a majigi. Alhali labarinsa bai yi nisa da na gidajensu ba: yaro ne da babu ta kora daga gida, ya tafi bida bakin teku, ya yi dako, kamar yadda samarin ƙauyukan jihar Maradi ke ɗaura jaka duk bayan girbi.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Ya yi makarantar firamare a can, kuma bai kai shekara 18 ba ya shiga sojan Faransa. Lokacin Faransa na fama da yaƙin Indoshin, wato yankin Biyetnam, Laos da Kambodiya, tana kuma kwasar samarin ƙasashen da ta mallaka tana tura su fagen daga. Ganda na cikin waɗanda aka tura, ya shafe wajen shekara biyu a can. Yaƙin ya ƙare ne a 1954 bayan kashin da Faransawa suka sha a Dien Bien Phu. Da ya dawo gida bai tarar da aikin yi ba, sai ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa Kodibuwa, ya zama lebura a tashar jiragen ruwa ta Abijan.

A nan ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai nazarin al'adu da ya daɗe yana yawo da kyamara a gaɓar kogin Kwara. Rouch na binciken rayuwar 'yan Nijar masu cin rani ne, ya ɗauki Ganda ya riƙa taya shi tattara bayanai a tsakaninsu. Daga aikin ƙididdiga aka zarce zuwa fim.

Fim ɗin shi ne Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, ma'anarsa ni baƙar fata. An ɗauke shi a unguwar Treichville, inda baƙi 'yan ci-rani suka yi sansani. Samarin cikinsa ba 'yan wasa ba ne, rayuwarsu ta yau da kullum suke maimaitawa a gaban kyamara, amma kowanne ya ari sunan wani tauraron da yake gani a silima. Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré ya zama Eddie Constantine, budurwar da suke so kuma aka sa mata Dorothy Lamour. Ana bin Robinson daga ranar aiki zuwa ƙarshen mako: ɗaukar buhuna a tasha, neman abin sawa a baki, wanka a teku ranar Asabar, mafarkin zama zakaran dambe na duniya, sai kuma dukan da wani Ba'italiye ma'aikacin jirgin ruwa ya yi masa a kan Dorothy.

Abin da ya fid da fim ɗin daga cikin tsara shi ne muryar. An ɗauki hotunan ne ba tare da sauti ba. Bayan an harhaɗa su, sai aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana yadda ta zo masa, wani lokaci ya yi wa kansa kirari, wani lokaci ya yi wa kansa ba'a, wani lokaci ya yi ƙorafin talauci. A wajen ƙarshe, yana tafe a bakin ruwa tare da wani yaro, sai ya shiga ba shi labarin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana kwaikwayon yadda ake kwanton ɓauna da yadda abokansa suka mutu. Wannan ɗan gajeren wuri ya isa shaida cewa mutumin ɗan wasa ne tun asali, ba wai kyamara ce kawai ta yi sa'ar samunsa ba.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, kuma matasan daraktocin Faransa na lokacin, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba masa sun kuma ɗebi darasi daga salonsa. Amma suna da kyauta duk na Rouch ne. Har gobe masana fim na muhawara a kan ko na wane ne fim ɗin, na mai kyamara ko na mai murya. Ganda dai kyamara ya nema ta kansa.

Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, inda ya koyi aikin bayan fage. Lokacin Nijar na kan gaba a harkar: Moustapha Alassane ya riga ya fitar da Aouré a 1962 da Le Retour d'un aventurier a 1966. Da aka yi gasar rubuta labarin fim a cibiyar, Ganda ya shiga da labarin da ya fi kowa sani, wato nasa.

Sakamakon shi ne Cabascabo, fim mai tsawon kusan minti 45, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin tauraro. Cabascabo tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da 'yan kuɗinsa a aljihu. Nan da nan abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana ci ana sha ana zuga shi. Da kuɗin suka ƙare aka watse aka bar shi. Ya nemi aiki, ya sha wulaƙanci a wurin leburanci, shi da ya saba a sara masa, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. A tsakani ana komawa baya a nuna fagen yaƙi, inda Ganda ya fito da tambayar da ta daɗe tana cin mazan jiya: me ya kai ɗan Afirka yaƙar mutanen da su ma 'yancinsu suke nema daga wanda ya mallake shi? Duk garin da ya taɓa samun tsohon sojan Faransa mai lambobi a ƙirji da aljihu wayam, ya san Cabascabo tun kafin a haska shi. An nuna fim ɗin a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma samu yabo a bikin Mosko a shekarar.

Fim na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo wurin da ya fi zafi. Kalmar wazzou ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wa'azi ce. Labarin wani attajiri ne da ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya ƙyalla ido a kan Satou, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya sa kuɗi ya aure ta ta uku. Kishi ya ci matarsa ta biyu, ta shirya kashe amarya, amma tsautsayi ya faɗa kan wata daban. Ganda bai soki addini ba, ya soki mai fakewa da shi ne don biyan buƙatar ransa, kuma a wancan zamani wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Zalika Souley ce ta fito a kishiyar, ta kuma iya rawar har wasu 'yan kallo suka kasa raba wasa da gaskiya, suka riƙa zaginta a titi.

A 1972, lokacin da bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Étalon de Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Ganda ne mutum na farko da aka rubuta sunansa a jerin.

Saïtane, wato shaiɗan, ya biyo baya, a kan wani malamin tsibbu da ke yi wa mai kuɗi kawalcin matar aure da sunan ba da taimako. Sai kuma L'Exilé a 1980, fim ɗinsa na ƙarshe, wanda ya ɗauko daga tatsuniya: wani jakadan Afirka da ke gudun hijira a Turai yana ba abokansa labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka ce za su ba da kawunansu in har aka aura musu 'ya'yan sarki, sarki ya ji, ya aura musu, sa'an nan ya zo karɓar alkawari. Duk fim ɗin a kan nauyin magana yake, idan ta fita daga baki.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, sakamakon ciwon zuciya, bai cika shekara 46 ba. Bayan cibiyar Yamai da aka sa wa sunansa, FESPACO ta ware kyautar Oumarou Ganda ga daraktan da ya fi fice da fim ɗinsa na farko.

Babbar kyautar kuwa, har zuwa bikin 2025 ba ta sake komawa Nijar ba. Mafi kusa shi ne 1987, lokacin da Sarraounia ya ci, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ayarin sojan Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu suka kashe a 1899 a yankin Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. Labarin na Nijar ne, daga littafin Abdoulaye Mamani, amma daraktan, Med Hondo, ɗan Muritaniya ne, kuma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin.