Ludwig Guttmann, likitan da ya fitar da nakasassu filin wasa

An haifi Ludwig Guttmann ranar 3 ga Yuli 1899 a garin Tost, cikin Jamus a lokacin, yau kuma cikin ƙasar Polan. Bayahude ne, ya ƙware a aikin jijiyoyi da laka a birnin Breslau.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka kori likitoci Yahudawa daga asibitocin gwamnati. Guttmann ya koma asibitin Yahudawa na Breslau, ya zama shugabansa a 1937. A daren 9 ga Nuwamba 1938, ƴan Nazi suka ƙone wuraren ibadar Yahudawa, suka fasa shagunansu. Guttmann ya ba da umarnin a kwantar da duk wanda ya zo neman mafaka, mai ciwo da mai lafiya. Da ƴan sandan Gestapo suka zo bincike, ya bi su gado-gado yana faɗin cutar kowa. Cikin mutum 64, 60 suka tsira daga kamu.

A Maris 1939 ya gudu Ingila da matarsa da ƴaƴansu biyu. A 1944 aka ba shi sashen masu karayar laka a asibitin Stoke Mandeville. A zamanin, yawancin irin waɗannan majinyata ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe su. Guttmann ya sa a riƙa juya majinyaci kowane awa biyu, dare da rana, ya kuma sa wasa cikin magani.

Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar buɗe Olamfik ta Landan, majinyata 16 suka yi gasar harbin kibiya a kan kekunansu. A 1960 gasar ta kai Roma da ƴan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23. Wannan ne mafarin Olamfik ta nakasassu, wadda Nijar ta fara shiga a 2004 a Atina.

Guttmann ya rasu ranar 18 ga Maris 1980. A Gidigir da sauran garuruwan Damagaram, iyalin da haɗarin babur ko na mota ya kwantar wa ɗan uwa na iya amfana da dabararsa: juya majinyaci a kan lokaci ba ya cin ko dala.