Tarihin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa

Idan ana lissafin makaɗan fada a ƙasar Hausa, da wuya a kai ga suna na biyu ba a ambaci Ibrahim Narambaɗa ba. Sai dai abin da ya rage wa duniya daga fasaharsa bai wuce waƙoƙin da aka yi dace aka ɗauka a faifai kafin rasuwarsa ba.

An haife shi ne a ƙauyen Tubali da ke ƙasar Isa, a ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan kokawa ne, kuma shi ma Ibrahim ya yi suna a kokawa tun yana saurayi. Kiɗa kuwa ta wajen dangin mahaifiyarsa ya gaje shi. An ce ya samu laƙabin Narambaɗa ne daga sunan wata karyarsa, Rambaɗa.

Da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a gayya, kafin ya koma yi wa masu sarauta waƙa.

Fadar Isa

Sunansa ya fito sosai ne bayan da ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya fito daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yankin da ya rayu a ciki na da nauyin tarihi. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a hannun masu jihadi a shekarar 1808, Gobirawa sun kafa sababbin mazauni a Tsibiri, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, da kuma Sabon Birni, yayin da Isa ta kasance a hannun gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Don haka makaɗin fadar Isa sai ya san asalin kowane gida da irin kirarin da ya dace da shi. A wannan fage ne Narambaɗa ya yi zarra.

Kiɗan taro

Waƙarsa aikin ƙungiya ce. Shi ne jagora mai kafa zance, 'yan amshi na karɓa suna ƙarasa masa, makaɗa kuma na riƙe da kotso, wata ganga mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, wadda aka keɓe wa sarakuna. Da ita Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ma suka yi kiɗa.

Wannan ne ya sa rubutu ba ya iya maye gurbin faifan. A takarda za a ga kalmomi, amma ba za a ji yadda jagora ke sakin baiti 'yan amshi su cafe ba, balle lafazin Hausar Gobir da ke ba waƙar armashi.

Bakandamiya

Daga cikin waƙoƙin da aka ɗauka, wadda makaɗa da manazarta suka fi girmamawa ita ce Bakandamiya. A cikinta ya haɗa yabon Sarkin Gobir Amadu da bayanin matsayinsa shi kansa a fagen waƙa, tare da zambo ga abokan hamayya. Tasirinta ya kai ga ana kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi da wannan suna, kuma Mamman Shata na Katsina shi ma yana da tasa Bakandamiyar.

Wata da ta shahara ita ce Dokin Iska, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa, inda ya nuna gwanintarsa wajen siffantawa.

Bayan rasuwarsa

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, wato na'urar ɗaukar murya ta riske shi ne a ƙarshen rayuwarsa. Waƙoƙin ƙuruciyarsa da dama sun tafi tare da waɗanda suka saurare su.

Waɗanda suka tsira kuwa, gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna, su suka kai su kunnen jama'a, daga nan suka shiga kaset, sannan intanet da wayoyin hannu. A shekarar 2009 Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, kuma a 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kansa.

Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Isa da Sabon Birni a shekarar 2021 sun raba dubban mutane da garuruwansu, ga shi kuma dattawan da suka ga Narambaɗa da idonsu na ta ƙarewa. Hakan ya ƙara wa tsofaffin faya-fayan daraja, domin su ne shaidar da ta rage ta yadda kotso ya yi amo a fadar Isa.